Lamy Safari: alƙalamin ya yi, amma sai an samo masa takarda

Idan mutum ya tambaye ni ko alƙalamin tawada na Lamy Safari ya kai kuɗinsa, zan ce masa ya kai, amma kada ya saya sai ya fara tanadin takardar da zai yi rubutu a kai. Na ga mutane da dama sun sayi alƙalamin tawada mai kyau, sun ɗora shi a kan littafin rubutu na kasuwa, tawada ta baje ta ɓulla ta baya, sai suka ɗora wa alƙalamin laifi suka koma ga biro. Abin yana ba ni takaici, domin sun rasa daɗin rubutu a kan dalilin da ba shi ba ne. Na jima ina rubutu da nawa, boko da ajami, a hunturu da damina, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga hannuna ya fito.

Kamfanin Lamy yana birnin Heidelberg a Jamus. A 1980 ya fito da Safari, wanda Wolfgang Fabian ya tsara fasalinsa, kuma 'yan makaranta aka fi nufa da shi. Ana ganin hakan a jikinsa. An yi shi da roba mai tauri da ake kira ABS, wadda ba ta saurin tsagewa idan ya faɗi ƙasa, ba shi da nauyi, kuma akwai 'yar taga a gefe da ke nuna sauran tawada. Maƙalin murfinsa waya ce mai kauri da aka lanƙwasa. Wasu suna cewa tana da muni, ni kuwa ita ce ta fara saye zuciyata, domin tana kama aljihun kaftanin shadda mai sitaci ba tare da ta buɗe ba, abin da siraran maƙalai ba sa iyawa. A 2024 kamfanin Mitsubishi Pencil na Japan ya sayi Lamy, amma Safari bai sauya kama ba.

Bakinsa na ƙarfe ne, kuma zare shi ake yi a sa wani, ba sai an sayi sabon alƙalami ba. Ɗan guntun salatif za ka manna a kai ka ja a hankali, sai ya fito. Akwai EF mafi siranta, sai F, M da B, akwai na masu hagu, akwai kuma masu faɗin kai na milimita 1.1, 1.5 da 1.9. Mai rubutun Hausa ya lura da wani abu a nan. Bakin alƙaluman Turai ya fi na Japan kauri ko da harafin da aka rubuta a jikinsu ɗaya ne, wato M na Lamy ya fi M na kamfanin Pilot na Japan cika layi. Mu kuma muna da ƙ da ɗ da ɓ, kuma idan rubutunka ƙanana ne, lanƙwasar kan harafin takan cike da tawada ta zama ɗigo, sai ƙ ta koma kamar k. Da bakin F ba na samun wannan matsala. Haka ma a ajami, inda wasali da ɗige-ɗige ke cunkushe sama da ƙasan harafi, F ko EF ne ke barin kowane a fili.

Inda ake riƙe shi ne abin da ya raba kan masu amfani da Safari, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wurin ba kewayayye ba ne, an fafe gefe biyu domin babban yatsa da manuniya su zauna a gurbinsu. Ga yaro mai koyon riƙon alƙalami wannan taimako ne babba, domin bakin yana sauka daidai a kan takarda kowane lokaci, kuma alƙalamin tawada ba ya rubutu da kyau sai ɓangarori biyu na tsagaggen bakinsa sun taɓa takarda tare. A rubutun boko ban taɓa jin ya takura ni ba, har ma hannuna ya rage gajiya, tunda ba a danna shi kamar biro, nauyinsa kaɗai ya isa.

A ajami da Larabci labarin ya bambanta. Duk wanda ya taɓa fiƙe alƙalamin kara ya san cewa kyawun harafi yana fitowa ne daga karkatar baki, inda jan kwance ke yin kauri, jan tsaye kuma ya siranta. Na sa bakin 1.1 da fatan samun wannan. Amma irin wannan baki an yanka shi ne domin rubutun Turawa, yana ba da tsaye mai kauri da kwance siriri, akasin abin da muke so. Kafin a samu kaurin a inda ya dace sai an juya alƙalamin a hannu, kuma nan ne gurbin yatsun ke hana ruwa gudu, domin gefensa yana tokarar yatsa. Ana iya rubuta layi biyu ko uku a haka, amma ba shafi guda ba. Saboda haka ga mai son ƙawata rubutun Larabci ba zan ba da shawarar Safari ba, ya nemi alƙalami mai kewayayyen mariƙi. Ga mai rubutun ajami na yau da kullum, wasiƙa ko waƙa ko darasi, bakin F ya wadatar.

Akwai kuma abin da ba kasafai masu sharhi a ƙasashen waje suke ambata ba, domin ba ya damunsu. Mai rubutu da hannun dama daga dama zuwa hagu, hannunsa yana bi ta kan abin da ya riga ya rubuta, kamar yadda bahago ke fama a boko. Idan tawada ba ta bushe da wuri ba, gefen hannu zai goge ta. Wannan shi ya sa zaɓen tawada ya zame mini abu mai muhimmanci fiye da launi.

Safari yana zuwa da ɗan bututun tawada na roba mai suna T10, wanda ake yarwa idan ya ƙare, kuma irin na Lamy kaɗai ke shiga daidai. Ba kowane shago ke da shi ba. Don haka ranar da za ka sayi alƙalamin ka haɗa da ɗan famfon nan Z28, wanda ake murzawa ya zuƙo tawada daga kwalba. Da shi ka huta da neman bututu, kuma kowace tawadar alƙalami ta zama taka.

Wadda na fi yawan amfani da ita ita ce Pelikan 4001 mai shuɗi. Ba ta zuba da yawa, tana bushewa da wuri, kuma ko a takarda mai matsakaicin kyau tana kame kanta. Sai dai ruwa yana wanke ta, don haka ba ta dace da abin da ake son ajiyewa ba, ko ambulan da za a fita da shi cikin damina. Parker Quink, wadda ta fito tun 1931, ita ce iyayenmu da suka yi makaranta kafin biro ya mamaye ko'ina suka fi sani, kuma har yanzu tana aiki lafiya a cikin Safari, ga sauƙin wankewa. Iroshizuku Kon-peki ta kamfanin Pilot kuwa, shuɗinta yana da kyau ƙwarai, alƙalami yana sulɓi da ita, amma tana fita da yawa kuma tana jinkirin bushewa a takarda mai santsi. Na bar ta ga boko.

Wadda ta fi burge ni ita ce Salix ta Rohrer & Klingner, wani kamfanin Jamus. Tana cikin irin tawadar da ake haɗawa da sinadarin ƙarfe da tsamin itace, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubuta takardun hukuma da ita a Turai. Tana sauka a takarda shuɗiya mai haske, sai iska ta yi ta duhunta ta, kuma idan ta kama, ruwa ba ya tafiya da rubutun. Ba ta bajewa sosai ko a takarda mara kyau, kuma hannu ba ya goge ta da sauƙi. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a bar ta ta bushe a cikin alƙalami, a riƙa wanke shi a kai a kai.

Wani gargaɗi da nake yi da babbar murya: kada a zuba tawadar allo a cikin irin wannan alƙalami. Tawadarmu ta gawayi da ƙaro tana da daraja a wurinta, amma hanyar da tawada ke bi zuwa baki siririya ce kamar gashi, ƙaro kuma idan ya bushe a ciki ya toshe ta ke nan. Haka tawadar masu zane da ta hatimi da ta na'urar buga takardu. Sai wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ta alƙalamin tawada ce.

Yanzu ga takarda. Mutane suna ɗauka kauri ne ke sa takarda ta riƙe tawada, alhali ba haka ba ne. Abin da aka shafa wa fuskarta lokacin sarrafawa shi ne ke hana tawada shiga cikin zarenta ta yaɗu. Tomoe River ta Japan nauyinta giram 52 ne kacal a kowace murabba'in mita, har ana hango inuwar rubutu ta baya, amma tawada ba ta ɓulla ta, kuma a kanta ne ake ganin asalin launin tawada, inda ta taru ta yi duhu da inda ta yi haske. Kuɗinta da yawa, bushewa kuma sai an yi haƙuri. Rhodia, wadda ta samo asali a birnin Lyon na Faransa a 1934, giram 80 ce, tana da santsi, kuma ita nake ɗauka don aikin yau da kullum. Clairefontaine mai giram 90 ta fi ta santsi, har wani lokaci nakan ji bakin EF yana gudu fiye da yadda nake so. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san irin layin nan na makarantun Faransa da ake kira Seyès, mai manyan layuka tazarar milimita 8 da ƙanana a tsakani tazarar milimita 2. Wannan layi yana gyara hannu sosai, domin yana nuna maka inda kan ɗ zai tsaya da inda wutsiyar y za ta kai.

Ba ina cewa sai takardar waje ba. A cikin littattafan kasuwa da takardun A4 akwai masu kyau, sai dai ba a gane su da ido ko da farashi. Abin da nake yi shi ne in sayi guda ɗaya, in rubuta layi a shafin ƙarshe, in ja layi biyu su gitta juna, in juya bayan. Idan gefen harafi ya fito sumul kuma bayan ya tsira, sai in koma in saya da yawa daga wannan kwalin, domin na gaba yana iya bambanta ko da bangon iri ɗaya ne.

Yanayinmu yana da nasa hukunci. A hunturu, idan ka bar bakin a buɗe kana tunani, zai bushe kafin ka dawo, don haka a saba da mayar da murfi. Idan ya ƙi tashi, ɗigon ruwa a kan bakin ya isa. Wanda yake daɗewa bai yi rubutu ba zai fi jin daɗin alƙalamin Platinum Preppy, mai araha, wanda murfinsa ke da wani ƙoƙo a ciki da ke rufe baki ruf. A bazara kuma iskar da ke cikin famfon tana kumbura da zafi ta turo tawada waje, musamman idan ya kusa ƙarewa, saboda haka kada a bar shi cikin mota a rana, kuma a aljihu bakin ya kalli sama. Wanki da ruwa mai tsabta mara zafi, a zuƙa a fitar har ya fito fari. Ban da fetur, ban da sinadarin goge farce.

Game da tarawa, Lamy yana fitar da sabbin launuka kusan kowace shekara, kuma a 2021 ya dawo da kore da jan ƙasa irin na farkon fitowarsa. Na fahimci masu bin launi, domin suna da kyau a jere. Amma duk bakinsu ɗaya ne, rubutunsu ɗaya. Ni na fi ganin amfanin alƙalami ɗaya da baki biyu, tawada biyu, ɗaya mai wankuwa ɗaya mai jure ruwa, sauran kuɗin kuma a zuba a takarda. Idan za a ƙara na biyu, a ɗauko na Japan kamar Pilot Metropolitan mai jikin tagulla da siririn baki, domin a ji bambanci na gaske.

A kuma yi hattara da jabu, domin Safari yana cikin alƙaluman da aka fi kwaikwaya, musamman a kasuwannin intanet. Idan farashin ya faɗi ƙasa fiye da hankali, a bar shi. A saya a wurin da za a iya mayarwa, a gwada shi tun ranar da ya iso, a kan takarda mai kyau da tawadar da aka riga aka sani.