Murhun pelet mai kilowat 8: ɗumi ba magana, sai ranar da ya ƙi kamawa

Hunturu biyu ke nan wannan murhu yana aiki a falona a gefen birnin Brescia na ƙasar Italiya, kuma a kan ɗumi ba ni da ƙorafi. Pelet yake ci, wato ƙananan ƙwayoyin garin katako da aka matse, kuma buhu ɗaya na kilo 15 yana cika tankinsa. A mataki na biyu ko na uku yana cin kusan kilo ɗaya a awa, wato buhu ya kai ka awa goma sha biyar. In ka ƙure shi ya haɗiye kusan kilo biyu. Falo da kicin suna ɗaukar ɗumi cikin rabin awa. Ɗakin kwana na ƙarshen lungu kuwa sai haƙuri, ko da mai shago ya rantse maka cewa zafin zai zagaye gida.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ƙarar da ya yi wata asuba a watan Janairu, kamar an doka ƙofar ƙarfe, har gilashin ya girgiza, hayaƙi ya tsirto ta gefen ƙofa. Wanda ya haɗa mini murhun bai taɓa faɗin abin da ke kawo wannan ba, kuma har yau ina jin haushinsa, domin bayanin ba zai ci masa minti biyu ba.

In ka danna maɓalli, fankar hayaƙi ce ke fara juyawa. Sai hitar kunnawa, wadda Italiyawa ke kira candeletta, ta ɗau zafi, tana jan wat 250 zuwa 350. Wani ƙarfe mai murɗe, irin na cikin injin markaɗe, yana ɗebo pelet daga tanki yana zubawa a kasko. Iska mai zafi ta bi ta wani rami a jikin kaskon ta taɓa ƙwayoyin, cikin 'yan mintoci wuta ta tashi. In kusan minti goma sha biyar ya wuce zafin hayaƙi bai hau ba, sai murhun ya yi kuka ya rubuta "mancata accensione", ma'ana wuta ba ta kama ba.

Daga nan ƙarar take samo asali: mutum yana rawar sanyi, sai ya share rubutun ya sake dannawa. Kaskon kuma cike yake da pelet na farko, ƙarfen ya ƙara wani a kai. Tarin ya soma cin wuta ta ƙasa ba harshe, farin hayaƙi mai kauri ya cika akwatin, kuma hayaƙin nan gas ne mai kamawa. Da harshen wuta ya ɓullo, gaba ɗaya yake tashi lokaci guda. Abin da ya kamata: a jira murhu ya huce, a ciro kaskon, a juye shi a bokitin ƙarfe, a zuƙe tokar da ke ƙarƙashinsa, sannan a kunna. Kada a mayar da wannan pelet ɗin cikin tanki ko da ya yi kama da sabo, ƙwaya ɗaya mai garwashi ta isa.

Dalilin ƙin kamawar ma na gano shi, kuma rabin laifin nawa ne. Pelet ne mai arha da ba tambarin inganci na ENplus A1 a buhunsa, irin wanda aka riƙa saye ido rufe a 2022 lokacin da buhun yuro biyar ya haura yuro goma. A1 tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari, danshinsa bai wuce kashi 10. Na banza tokarsa narkewa take yi ta dunƙule kamar kashin maƙera, ta toshe ramukan kasko har da wanda ke fuskantar hita. Cokali ba ya cire ta, sai da sukurudireba da burushin ƙarfe. A Lombardiya ma, yankin da Brescia take, doka ta wajabta A1 ga ƙananan murahu tun 2018. Ka ɗaga buhu ka duba gindinsa: in gari ya taru da yawa, ajiye shi. Garin nan shi ke cushe ƙarfen markaɗen har motarsa ta riƙa gurnani. Buhunan kuma a jera su kan katako, nesa da bango mai raɓa, domin pelet in ya sha danshi kumbura yake ya koma dusa.

Wani abu ƙarami da ke jawo irin wannan: kaskon bai zauna daidai ba bayan shara. Ramin hita in ya kauce ko da faɗin farce ne, zafin ba ya isa. Igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa ita ma tana mutuwa. Ka maƙale takarda ka rufe ƙofar, in ta zaro cikin sauƙi iska na shiga ta inda bai kamata ba, wuta ta yi ja da kasala, gilashi ya yi baƙi kafin la'asar.

Tun da na koma A1 nake share kasko kowace safiya, bai sake ƙin kamawa ba, har na so in ce ya cancanci taurari biyar. Sai na tuna ƙarar fanka. Ba ta yin shiru, ga ƙwal-ƙwal ɗin pelet yana faɗawa kasko kowane 'yan daƙiƙu, mai son karatun dare a falo sai ya saba. Sannan in wutar lantarki ta ɗauke, ga buhu talatin a ajiye amma ba ɗumi, kuma fankar hayaƙi na tsayawa alhali garwashi na ci. A nan bututun hayaƙin da ya hau har saman rufi yake ceto, domin yana jan hayaƙi da kansa. Wanda ya ce maka a huda bango kawai a fitar da shi, ƙa'idar Italiya ba ta yarda ba. Na'urar gano iskar kabon monoksayid ma a rataye ta a ɗakin. Taurari uku da rabi na ba murhun.

Kashewa da maɓalli ake yi, a bar fanka ta gama hucar da shi, kada a zare filogi. Marfin da ke ƙasan mahaɗar bututun, mai faɗin milimita 80, ina buɗe shi duk bayan buhu arba'in ko hamsin, kuma kunkunniyar da ke fitowa takan cika gwangwanin madara. Ma'aikacin da ke zuwa wankin shekara a kira shi tun Satumba, domin daga Nuwamba wayarsa ba ta shiga.