Lebamisol ko fiferazin ga 'ya'yan zabi masu hamma a gidan da hankaki ke sauka

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi wane maganin tsutsa za ka saya wa 'ya'yan zabinka, lebamisol ko fiferazin. A cikin biyun, sayi lebamisol, ka bar musu fiferazin ɗinsu a kan kanta. A jikin fakiti Levamisole da Piperazine za ka ga an rubuta, ka duba da idonka kafin ka miƙa kuɗi. Tunda ka ce 'ya'yan zabin suna miƙe wuya suna hangame baki, suna kaɗa kai, ga damina ta sauka, ga hankaki suna dira a bakin kaskon ruwansu, to abin ya fi kama da tsutsar maƙogwaro. Ita kuwa fiferazin ba ya yi mata komai.

Likitocin dabbobi suna kiranta Syngamus trachea. A cikin bututun numfashi take zama, ta kafa baki tana shan jini, shi ya sa take ja wur. Macen takan kai santimita 2, namijin bai kai rabinta ba, kuma manne suke da juna ba sa rabuwa, sai ka gan su kamar 'yar ƙaramar gwafa. Tsuntsu yana tari ƙwayayenta su hau baki, ya haɗiye su, su fita a kashi. Dodon koɗi da tana su kwashe su daga ƙasa, 'ya'yan tsutsar su kwanta a jikin tana har shekaru da ransu. Ɗan zabo ya tsinci tanar nan bayan an ɗauke ruwa, tsutsa ta huda hanji ta bi jini zuwa huhu, ta hau maƙogwaro. Mako biyu zuwa uku ita ma ta fara zuba nata ƙwayayen. Babbar zabuwa maƙogwaronta da faɗi, tana iya yawo da ita ba ka sani ba. Ɗan tsako kuwa 'yan kaɗan sun isa su toshe masa numfashi.

Zarginka a kan hankaki yana da tushe. A Ingila masu kiwon tsuntsayen farauta sun daɗe da sanin cewa hankakin gonakinsu da ɗan'uwansu magfai, mai baƙi da fari da dogon wutsiya, suna ɗauke da wannan tsutsa suna watsa ta a filin kiwo. Su kansu 'ya'yan hankakin tana kama su tun suna cikin sheƙa, ta tanar da iyayensu ke kawo musu. Namu mai farin ƙirji dangi ɗaya ne da su, kuma ba abin da ba ya tsinta a ƙasa. Sai dai kada ka ɗora masa laifin duka. Tsofaffin kajinka, da na maƙwabta masu shigowa kiwo, da ita kanta ƙasar akurkin da ta shekara tana shan kashi, duk suna da hannu.

Ni lebamisol ba na rabuwa da shi, yanzu haka akwai fakiti a cikin gwangwani a saman taga. Wata damina na sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe mini su tas, suna kai 'yan makonni sai hamma ta fara. Da ɗaya ya mutu cikin dare, na naɗe shi a takarda na kai wa likitan dabbobin garinmu. A gabana ya sa reza ya tsaga maƙogwaron a tsaye, ya buɗe da tsinke, ga su nan jajaye a kwance cikin majina. Ya auna mini maganin daidai da ruwan da suke sha, ya ce in ɗauke kaskon tun magariba, don abin da ɗaci, in ba ƙishirwa ta kama su ba, za su ƙi sha. Da asuba na ajiye, suka yi masa caa. Akwai wani ɗan ƙarami da ya yini biyu a bayan randa, wuya a sama, fukafukai a sake, na riga na cire rai da shi. Kafin mako ya zagayo shi ne kan gaba wajen wawar gara in na fasa musu shuri. Bayan mako biyu na maimaita kamar yadda likitan ya ce, saboda maganin ba ya kashe ƙwai, kuma wadda suka sake tsinta a ƙasa tana nan tafe.

Fiferazin kuwa, na taɓa saye, har yau ina jin takaicin kuɗin. Yana da arha, ba ya saurin illa, yana fitar da dogayen fararen tsutsotsin nan na hanji. Aikinsa ke nan, bai wuce nan ba.

Lebamisol ɗin ma yana da nasa hali. Tazarar da ke tsakanin magani da guba a wurinsa ba ta da faɗi, don haka dabi'ar nan tamu ta "bari in ɗan ƙara don ya fi aiki" ba ta da wuri a nan. In ya yi yawa za ka ga tsuntsu yana karkarwa yana tangaɗi. Kada ka ba su da tsakar rana ana ƙwallar zafi, lokacin suna shan ruwa fiye da ƙima, sai su sha fiye da abin da aka auna musu. Ba ya taɓa tsutsa mai faɗi mai gaɓa-gaɓa. In kuma ka haɗa da manyan da ke ƙwai, ka karanta kwanakin da aka rubuta a dakata da cin ƙwai da nama. Wanda tsutsar ta riga ta cika wa maƙogwaro yana iya tafiya ko da an ba shi, wannan ba laifin maganin ba ne. In ka tarar da fenbendazol a shagon, shi ma yana kashe ta, amma kwanaki ake jerawa ana bayarwa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallar maganin kaji a ranar kasuwa. Za a ƙulla maka farin gari a leda, ba suna ba kwanan wata, a ce maka "yana kashe kowace irin tsutsa har da mura". Wani fiferazin ne zalla, wani ma Allah kaɗai ya san mene ne. Akwai masu goge ranar lalacewa su manna wata takarda a kai, akwai masu ba ka na allurar shanu su ce ɗiga a ruwa duk ɗaya ne. Ka nemi fakiti a rufe, mai lambar NAFDAC, wanda aka rubuta na kaji ne, daga shagon da gobe za ka iya komawa ka tarar da mai shi.

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki ɗaya ka buɗe bakinsa ka haska tocila, wani lokaci ana hango su. In wani ya mutu kada ka jefar, a tsaga a gani. In kuwa manya da ƙanana suna faɗuwa tare, ga koren zawo, ga murɗewar wuya, to wannan ba tsutsa ba ce, ya fi kama da cutar nan ta Newcastle da ake yi wa rigakafin Lasota, sai ka nufi likita ranar.

Hankakin kuma kada ka sa musu guba, kajinka da kyanwar gida za su riga su ci. Mayar da kaskon ruwa da abinci ƙarƙashin rumfa, ka ja raga a sama, ka kwashe ƙasar akurkin ka zuba busasshen yashi, sannan ka tsare ƙananan a ciki da safe har rana ta busar da tsakar gida, tanar ta koma rami.