Gonar Dona Benta: Shirin Tupi ko na Globo?

'Yar'uwa, kin tambaya tsakanin shirin talabijin na yara Sítio do Picapau Amarelo, labarin gonar kaka Dona Benta, da tashar Tupi ta Brazil ta yi da wanda tashar Globo ta yi daga baya, wanne ya fi riƙe amanar littattafan Monteiro Lobato, marubucin labarin, wanne kuma za ki nema wa yara.

Na Tupi shi ne na farko. An fara shi a São Paulo a 1952, shekara 2 da buɗe tashar, shekara 4 da rasuwar Lobato. Mata da miji ne suka ɗauki nauyinsa: Tatiana Belinky tana rubutawa, Júlio Gouveia, likitan ƙwaƙwalwa, yana ba da umarni. Da farko kai tsaye ake nuna shi, babu launi, babu naɗa, babu "a sake". In ɗan wasa ya manta magana, duk gari ya gani. Wurin wasan ma bai wuce barandar gidan kaka Dona Benta ba, sauran gonar sai yaro ya gina ta a zuciyarsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Gouveia yake buɗe littafi a gaban kyamara kafin labari ya soma, ya rufe shi in an gama. Wato yana nuna wa yaro inda labarin ya fito, ya je ya nema. Lúcia Lambertini ce ta fito a Emília, 'yar tsanar tsumman nan da ta haɗiye ƙwayar magani bakinta ya buɗe, daga nan ba ta ƙara yin shiru ba.

Na Globo kuwa, daga 1977 zuwa 1986, da kuɗi ya zo, da launi, da hannun ma'aikatar ilimi. An tanadi gona ta gaske a Barra de Guaratiba, gefen Rio de Janeiro, Gilberto Gil ya rera waƙar buɗewa. A nan yara suka ga Visconde, masanin da aka ƙera da totuwar masara, yana yawo a fili, suka ga Cuca, mayya mai siffar kada, a kogonta, ga Saci, yaron tatsuniya mai ƙafa ɗaya da jar hula. Sai dai shekara 9 doguwa ce, littattafan ba su ishe su ba, dole marubuta suka riƙa ƙirƙiro nasu.

A ganina na Tupi ya fi kusa da littafi. Abin baƙin cikin shi ne ba za ki same shi ba, domin abin da aka watsa kai tsaye ya bi iska, sai hotuna da shaidar waɗanda suka kalla. Na Globo za ki samu sassansa a intanet, da harshen Fotugis. Ki zauna da yaran in suna kallo, ki lura da matsayin Tia Nastácia, baƙar fata mai girkin gidan. Yadda Lobato ya siffanta ta a littattafansa har yau ana muhawara a kai a Brazil, ƙila kuma su tambaye ki.