Gidan tarihin Ara Pacis a Rum, ƙarami ne amma ban yi da-na-sanin kuɗina ba

Gaskiya da farko ban so shiga ba, tun safe muke yawo ƙafafuna duk sun yi tsami, ga ginin daga waje sai ka rantse shagon sayar da motoci ne, fari fat sai gilasai, nan bakin kogin Tiber daf da kabarin Augustus, sarki na farko na daular Rum. Abokin tafiyata ne ya matsa, muka yanki tikiti muka haɗa da 'yar na'urar nan da ake saƙalawa a kunne tana bayani. Ku karɓe ta don Allah, in ba ita ba dutse kawai za ku yi ta kallo.

Abu ɗaya ne tal a tsakiyar babban zauren, wato Ara Pacis ɗin, wurin yankan bauta na farin marmara da katanga ta kewaye shi, ba rufi, kamar mita 11 kowane gefe. Majalisar dattawan Rum ce ta sa a gina shi a shekara ta 13 kafin haihuwar Annabi Isa, murnar dawowar Augustus daga Sifaniya da ƙasar da yau ake kira Faransa, aka buɗe ran 30 ga Janairu shekara ta 9 kafin haihuwar tasa, wai don gunkiyarsu ta zaman lafiya, duk shekara a zo a yi mata yanka.

Kowa na rububin hoton jerin gwanon manya da aka sassaƙa a sama, shi kanshi sarki Augustus rabin jikinsa ya ɓalle, sai surukinsa Agrippa ya lulluɓe kai da mayafi wani ɗan yaro ya damƙe masa gefen riga, wallahi sak yaron da ya gaji a wurin biki yana so a tafi gida. Amma ni ƙasa ne ya tafi da imanina. Sai da na tsuguna sannan na ga cikin ganyayyakin da aka sassaƙa a ƙasan katangar akwai ƙadangare, akwai kwaɗo, ga wani maciji yana lallaɓawa zai afka wa sheƙar 'yan tsuntsaye, a jikin ginin da ake tallar zaman lafiya fa! Na fi minti goma a wajen. Ashe ma da can duk fenti ne a jiki, launin ne ya goge.

Kuma ba nan ne asalin mazaunin wurin yankan ba, a ƙarƙashin wani tsohon gida kusa da titin Via del Corso ya nutse cikin laka, a 1937 sai da suka daskarar da ƙasar saboda ruwa kafin su iya tono shi, Mussolini shugaban Italiya na lokacin ya buɗe a 1938 don neman suna. Ginin gilashin na yanzu Richard Meier ɗan Amurka ya zana, 2006 aka buɗe, mutanen Rum sun sha ƙorafi a kai, ni dai hasken da yake shigowa ya yi min.

Awa ɗaya ta ishe ku, ku dai sa kayan da za ku iya tsugunawa da su.