Gyara kalifar ko sayen ta Beljiyam? Amsa ga mai Golf ɗin da birkinsa ke riƙewa

Wani ɗan'uwa a cikinmu, mai ɗaukar 'yan kasuwa tsakanin Ringim da Gujungu da tsohuwar Golf 3, ya ce tayar gaba ta dama na zafi har ba ta taɓuwa, motar na jan dama, man motar kuma na ƙarewa da wuri. Bakanike ɗaya ya ce a kwance kalifar, wato ƙarfen da ke matse faifan birki a taya, a gyara, wani ya ce a je Ƙofar Ruwa a sayo ta Beljiyam. Wanne ya fi?

Malam, kafin ka zaɓa, ka tabbatar kalifar ce ke da laifin. Ɗaga motar a jak, a taka birki sau biyar ko shida a saki, ka juya tayar da hannu. In ta cije, ɗauki sifana ka ɗan sassauta nonon da ake cire iska a jikin kalifar. In man birki ya yi tsartuwa kuma tayar ta sake nan take, kusan kullum tiyon birki ne ya lalace ta ciki: yana barin mai ya shiga, ba ya barinsa ya koma. Daga waje kuwa sai ka ganshi lafiya ƙalau. Na taɓa ganin wanda ya canza kalifa sau biyu a kan Sharan, kuɗinsa na tafiya a banza, ashe tiyo ne. In ka sassauta nonon tayar na nan a cije, to yanzu maganar kalifa ta taso.

Gyara ya fi sauƙi idan matsalar ƙusoshin nan biyu ce da kalifar ke zamewa a kansu. Za ka gane su da yadda fad, wato abin da ke gogar faifan birki, ya ci: gefe ɗaya ya siranta, ɗaya da kauri, ko fad ɗaya ya ƙare ɗan'uwansa bai yi rabi ba. A zare su, a goge tsatsar, a sa giris irin na birki, a duba 'yan robobin bakinsu. Aikin da bai kai awa ɗaya ba. Sayen wata kalifa a kan wannan asarar kuɗi ce kawai.

Fistin, wato ƙarfen da ke tura fad, shi ne mai ɗan wuya. A cikin kalifar akwai wata roba mai kusurwa huɗu da ta kewaye shi. In ka taka birki sai ta ɗan lanƙwashe, in ka saki sai ta ja fistin baya kaɗan, bai fi kaurin takarda ba. Wannan ɗan ja da bayan shi ne ke sakin taya. To a wajenmu, robar waje mai tare ƙura na tsagewa, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo a riƙa kutsa motar cikin ruwa a hanyoyin fadama, tsatsa ta kama. Man birkin ma, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara 2. Mu kuwa ƙari kawai muke yi har ya koma kalar shayi. In an fito da fistin aka goge ya yi santsi, ka bi da farce ba ka ji rami ba, a sa sababbin robobi, ya gyaru sarai. In tsatsa ta ci shi ta bar ramuka, kar kowa ya ruɗe ka da samfefa. Ramukan za su yanka sabuwar robar, mai ya fara yoyo, ran kasuwa da lodi ka taka birki ya tafi ƙasa.

Ta Beljiyam kuwa amfaninta sauri ne, kuma ita ce mafita idan fistin ya rarake ko nonon cire iska ya karye a ciki. Amma ka tuna daga jikin wata tsohuwar mota aka ciro ta, ta sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, ta kuma daɗe a jibge a shago. Kar ka aika yaro. Ka je da taka a hannu a gwada, domin Golf 3 ba girman kalifa ɗaya take da shi ba, ya danganta da injin. Ka ɗaga robar ka leƙa fistin, ka sa a danna shi ka ga yana komawa ba gardama. Sannan akwai ta dama akwai ta hagu: in an ɗaura ta, nonon ya kasance a sama. In aka juya ya koma ƙasa, ko kwana za a yi ana bilidin iska ba za ta fita ba.

Ni dai a ganina, in fistinka na da lafiya, kalifarka da aka sa wa sababbin robobi ta fi ta Beljiyam da ba ka san tarihinta ba. Sharaɗin shi ne ka tsaya a kan bakaniken. Na sha ganin ana wanke robobin birki da fetur, ana shafa wa ƙusoshi baƙin mai ko giris ɗin boris. Waɗannan kumbura roba suke yi, bayan 'yan makonni ka dawo gidan jiya. Da man birki mai tsabta ake jiƙa fistin da robarsa. Kuma kar a bar kalifar tana reto a jikin tiyo, a ɗaure ta da waya.

Ko wanne ka zaɓa, tunda tayar ta sha wannan zafin, a canza fad na dama da na hagu tare, a duba faifan birkin ko ya yi shuɗi ko ya karkace, a saurari boris ɗin tayar, a zubar da tsohon man gaba ɗaya. Bayan an gama ka yi tafiyar kilomita 5 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da rim ɗin dama da na hagu. Kar ka taɓa faifan. In ɗumin ya zo ɗaya, sai ka ɗauki lodin Gujungu.