Na kai Inna Umra ta hannun wani kamfani a Kano, ga abin da zaɓin hanyar jirgi ya ja mana

A watan Rajab na kai mahaifiyata Umra cikin ayarin wani kamfanin tafiye-tafiye na nan Kano. Mu talatin da biyu ne, da malami guda mai yi mana jagora. Biza ta fito da wuri, masaukin Makka ma ba laifi, ana jin kiran salla daga ɗaki. A kan hanyar jirgi ne kawai muka sha wuya, kuma rabin laifin nawa ne.

Ranar da na je biyan kuɗi, yaron ofis ya ce hanya uku ce. Ko kai tsaye daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba, ko a yada zango a Adis Ababa, ko ta Alƙahira a sauka Madina a dawo ta Jidda. Ta Adis ce mai sauƙin kuɗi. Na tambaye shi zangon ya yake, ya ce, "Alhaji, ɗan jira ne, kafin ku sha shayi an kira ku." Ni kuma ɗan kasuwa ne, araha ta ja ni. Ban ce ya nuna min tikitin ba.

Sai daren tafiya aka turo mana shi ta WhatsApp, kuma nan ma na yi kuskuren lissafi. Lokacin sauka da ke jikin tikiti na garin da jirgi zai sauka ne, agogon Habasha da na Saudiyya kuwa sun riga namu da awa 2. Shayin da aka ce mana ya zama kusan kwana a kan kujera.

Wanda bai taɓa zama a filin jirgin Bole na Adis da dare ba, ba zai gane ba. Adis tana kan tudu, sama da mita 2,300, sanyinta har cikin ƙashi. Tunda Makka za mu fara, kuma a sama za a wuce miƙati, malam ya ce maza su ɗaura harami tun a nan. Sai ga dattawa da mayafi biyu da silifas suna karkarwa a layi. Wani tsoho ɗan Gwarzo ya rungume kofin ruwan zafi, ba don ya sha ba, don tafin hannunsa. Inna kuwa ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan ce arahar?" Ban da abin cewa.

Daga Jidda aka kwashe mu a bas zuwa Makka, kusan kilomita 80, ga ɗawafi da sa'ayi suna jiran mutanen da ba su runtsa ba. A keken guragu Inna ta yi nata. Waɗanda suka bi ta Alƙahira mun haɗu da su daga baya. Su Madina suka sauka da kayan jikinsu, suka huta, suka yi ziyarar Ƙuba da Uhudu, sannan suka ɗaura harami a Zul-Hulaifa cikin natsuwa. Ƙarin kuɗin da na guje wa ke nan.

Akwai wani gyaran kuma da kamfanin bai faɗa ba. Bayan Makka mun wuce Madina, ziyararmu ta ƙare, amma tikitin dawowa daga Jidda yake, tafiyar fiye da kilomita 400. A nan malamin ya wanke wa kamfanin fuska. Shi ya ware tsofaffi, ya yanka mana tikitin jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018 kuma yake da tasha a cikin filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda. Cikin awa biyu muka isa, sauran suka biyo bas da kaya. Shi ne kuma ya zauna ya ciro wa kowa izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ɓata fuska ba. Allah ya saka masa.

Zan sake bin su, don malamin nan da masauki. Amma ba zan ƙara miƙa ko sisi ba sai an rubuta min sunan jirgi, garin zango, awa nawa za a zauna, ina za a sauka, daga ina za a taso. In da tsoho a tafiyar, Madina zan nema a sauke mu. Bayan mun dawo na koma ofishin na faɗa wa mai kamfanin haka baki da baki. Ya ba da haƙuri, ya ce za su riƙa liƙa jadawalin a bango. Makon jiya na wuce ta wurin, hoton Ka'aba da farashi ne kawai a jiki.