Sautin Mario a wayata: taurari uku na ba su

Sati uku ke nan da na sauke manhajar nan mai tara sautukan tsofaffin gem da hotunan fuskar waya, na ba ta izinin taɓa saitin waya, na sa ƙarar tsabar kuɗin Super Mario a saƙo, kiɗan Tetris na Game Boy kuma a kira. Don nishaɗi kawai na yi, ban san abin zai taɓa min zuciya haka ba wallahi.

Ranar da na sa, muna zaune da yayana yana cike wasu takardun aiki, sai saƙo ya shigo, tilin! Ƙara biyu ce kacal a jere, ko sakan ɗaya ba ta fi ba, amma sai ya ajiye biro ya ɗago kai ya ce min "Kai, ba Mario ba ne wannan?" Na ce shi ne Yaya. Shi ke nan fa takardu suka sha iska, ya karɓi wayar yana danna sautukan ɗaya bayan ɗaya, na tsalle, na shiga bututu, na mutuwa, kowanne ya ji sai ya faɗi abin da ake yi a gem ɗin tun kafin ya karanta sunan, har ya tuna min yadda muke hura iska a kaset in ya ƙi tashi da yadda nake kuka in ya hana ni hannu. Gem ɗin da Nintendo ta fitar tun 1985, na'urar NES da ake buga shi a kai ma layin sauti biyar kawai gare ta, amma ga mutum da furfura a gemu yana dariya kamar yaro. Mun fi awa a haka. A daren nan da an tambaye ni taurari biyar zan ba su ba ko tantama.

To amma hotunan ne suka fara ɓata min rai. Hoton NES ƙananan akwatuna 256 ne a 240, kusan murabba'i, wayar yanzu kuwa doguwa ce, maimakon su gyara sai suka ja shi da ƙarfi, Mario ya koma wani dogo siriri, ƙananan akwatunan nan da ke ba hoton kyau duk sun yi dishi-dishi. Na Pac-Man mai baƙin bango ne kaɗai ya fito tas, shi na bari. Ga talla, kafin ka saurari sauti uku sai an cika maka fuska da bidiyo.

Abin da ya fi ƙona min rai, ashe ba sa ajiye sautin a foldar Ringtones ta wayar, a cikin manhajar yake zama. Na share tarkace don in samu sarari, washegari Yaya ya kira sai na ji tsohon kiɗan kamfani, duk abin da na zauna na tsara wa mutane ɗaya-ɗaya ya tafi. Haba! Sai da na sake daga farko, wannan karon na kwafe su da hannuna na zuba a Ringtones da Notifications.

Ban cire manhajar ba tukuna, don jiya ma Yaya ya ce in zo in sa masa sautin zoben gem ɗin Sonic a wayarsa.